Shaidar Bununi a Cikin Kwal

Hausa tana da kalmomi biyu ga abubuwa biyu da ido kan ɗauka abu ɗaya ne. Gawayi ɗan gida ne, kaka da kakanni aka gaje shi, maƙera da 'yan tsire da masu guga duk sun san halinsa. Kwal kuwa baƙo ne, aro ne daga Turanci, kuma bai zauna a bakin Hausawa ba sai bayan da layin dogo ya iso Kano a 1911. Dukansu baƙaƙe ne, dukansu wuta suke ci, dukansu kuma asalinsu tsiro ne. Amma gawayi aikin 'yan kwanaki ne: a sare itace, a tara, a rufe da ciyawa da ƙasa, a sa wuta ta ci a hankali. Kwal aikin miliyoyin shekaru ne, babu kuma hannun ɗan Adam a cikinsa.

A Salaga da Yendi da Bawku, inda Hausa ta daɗe tana zaman harshen zango da kasuwa, gawayi kaɗai aka sani a murhu. Buhunansa na jere a bakin hanya, manyan motoci na kwasa zuwa Kumasi da Akra, itatuwan dajin arewa kuma suna ta ƙarewa a cikinsu, har da kaɗanya wadda a da ake jin nauyin sare ta. Ba abin mamaki ba ne idan ɗalibi daga ɗayan waɗannan garuruwa ya yi tambaya: ƙasar da Allah ya hore wa zinariya da lu'ulu'u da manganis, me ya hana ta kwal? Nijeriya tana da shi, Nijar ma tana da shi. Ko dai yana nan kwance, ba a dai nema da kyau ba ne?

An nema, kuma wanda ya san kamanninsa ne ya nema. Albert Kitson, masanin duwatsun da ya gano kwal a yankin Udi kusa da Inugu a 1909, shi ne aka ba shugabancin hukumar binciken duwatsu ta Gwalkwas daga 1913 zuwa 1930. A zamansa can ya gano manganis da lu'ulu'u da ma'adinin da ake yin alminiyam da shi, har ya kawo shawarar datse kogin Volta domin samar da lantarki. Kwal dai bai samu ba. Jiragen ƙasan Gwalkwas da kwal ɗin waje suka yi ta tafiya, ciki har da na Inugu. Ko a 'yan shekarun nan, da aka shirya gina tashar lantarki mai aiki da kwal a Ekumfi, a gaɓar teku, daga waje aka yi niyyar shigo da shi, kafin a jingine shirin a 2016.

Dalilin yana cikin shekarun ƙasar kanta. Kwal ba ya samuwa sai inda aka yi dausayi mai duhun itatuwa, ganye da rassa da saiwoyi suka riƙa faɗawa cikin ruwa maras gudu, inda ƙarancin iska ya hana su ruɓewa sarai. Su taru su zama baƙin taɓo, yashi da laka su binne shi, nauyi da zafin ƙarƙashin ƙasa su matse shi su dafa shi. Ana ƙiyasta cewa irin wannan taɓo ba ya ƙaruwa fiye da kimanin milimita ɗaya a shekara, kuma sai an matse mita da yawa nasa kafin a sami mita ɗaya na kwal. Sharaɗin farko ke nan shi ne a sami itatuwa. To, tsirrai ba su hau tudu ba sai kimanin shekara miliyan 470 da suka wuce, daji na sosai kuma bai tsaya ba sai wajen miliyan 385. Dutsen da Bawku ke zaune a kansa ya haura shekara biliyan 2, kuma irin dutsen nan ne da ya daskare daga narkakken abu a can cikin ƙasa. Yendi da Salaga suna cikin babban kwarin Volta, a kan duwatsun yashi da na laka waɗanda suka kwanta hawa-hawa. Irin waɗannan ne duwatsun da a wasu ƙasashe akan sami kwal a tsakaninsu, shi ya sa aka sa musu rai. Sai dai na Volta sun fara kwanciya tun wajen shekara miliyan 1,000 da suka wuce, mafi yawansu kuma sun gama kwanciya kafin ganye ɗaya ya tsiro a doron ƙasa. Masu haƙa rijiyoyin Salaga, waɗanda garin ya yi suna da yawansu, suna fasa lakar wata duniya ce wadda ba ta taɓa ganin inuwar itace ba.

Yadda aka san shekarun dutsen da ba shi da tsiro wani fanni ne dabam, na auna ƙananan duwatsu masu ƙyalli da ake kira zarkon. Inda tsiro ya riga ya wanzu kuwa, akwai shaidar da ta fi wannan araha da yawa, kuma Bahaushe manomi ya san ta tun kafin a ƙirƙiro madubin ƙara girma. Idan gero ya fitar da kai, akwai lokacin da wani gari-gari mai ruwan ɗorawa ke lulluɓe zangarniya, ya manne wa mutum a riga in ya ratsa gona da safe. Shi ne bununi. Masu fassara a kafofin labarai sukan ce ƙurar fure ko garin fure, kuma ba su yi laifi ba, domin kalmar Latin da Turawa suka ara ma'anarta ke nan, lallausan gari. Duk da haka, ƙirƙirar sabon suna ga abin da yake da sunansa a gona alama ce ta cewa mai fassarar ya fi kusa da ƙamus bisa ga kusancinsa da manoma. Bununi ya isa, in dai an yarda a faɗaɗa shi daga gero da dawa zuwa kowane tsiro mai fure, kamar yadda aka faɗaɗa jirgi daga kwalekwale zuwa abin da ke tashi sama.

Inda wuyar take shi ne ɗan'uwansa. Akwai tsirrai da ba su fure ba su 'ya'ya, irin su gansakuka da wasu masu ganye kamar gashin tsuntsu da ke fitowa a inuwar rafi. Waɗannan da wata ƙura suke yaɗuwa, wadda kowace ƙwayarta kan iya tsirowa da kanta ba tare da ta haɗu da wata ba. Naman kaza ma haka yake yi, ko da yake masana ba sa lissafa shi cikin tsirrai. A nan za a kira ta ƙurar tsiro, domin a bambanta ta da bununi, wanda shi namiji ne kawai, sai ya sami macen fure kafin a yi iri. Bambancin ba na ƙawa ba ne. Masu ƙurar tsiro sun riga masu fure zuwa duniya da fiye da shekara miliyan 300, kuma a kan wannan rata ake gina rabin hukuncin da za a gani nan gaba.

Abin da ya sa wannan ƙura ta zama shaida shi ne ɓawonta. Yawancin ƙwayoyin ba su kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, amma an lulluɓe kowace da wani sinadari mai taurin kai da ke cikin mafi jimirin abubuwan da rai ke ƙerawa. Abin da ke ciki yakan mutu cikin kwanaki. Ɓawon kuwa, in ya faɗa inda babu iska, yana iya kai shekara miliyan 300 da zanensa a jikinsa. Kuma kowane dangi na tsiro da nasa zane, kamar yadda a da ake gane asalin mutum da tsagar fuskarsa. Ƙurar tsiro sau da yawa tana da tsaga uku da suka haɗu a tsakiya kamar sawun kaza, domin huɗu-huɗu ake haifarsu a manne, tsagar kuma tabon rabuwarsu ce. Bununin dangin giginya da dabino yawanci tsaga ɗaya gare shi a tsaye, kamar ta ƙwallon dabino. Na ciyawa rami guda ne kewayayye. Na wasu itatuwan ƙasashen sanyi yana da jakar iska biyu, hagu da dama.

Fitar da su daga cikin kwal aikin haƙuri ne. Akan daka ɗan guntu, a jiƙa shi a ruwan asid mai ƙarfi, irin haɗin da Franz Schulze na Jamus ya fito da shi a 1855, sa'an nan a wanke da ruwan sinadari mai kama da kanwa. Duk abin da zai narke ya narke, a tace, a ɗiga abin da ya saura a kan gilashi. Mai bincike sai ya zauna a gaban madubi yana ƙirga, ɗari biyu ko ɗari uku daga kowane samfuri, yana rubuta kowace a ƙarƙashin irinta. Babu wani abin burgewa a aikin. Ciwon wuya ne da yajin ido, kuma asid ɗin da ake narkar da dutsen yashi da shi yana iya kashe wanda ya yi sakaci.

Ilimin bai tsufa ba. A farkon ƙarni na 20 Reinhardt Thiessen ya riƙa yanka kwal ɗin Amurka siriri har haske ya ratsa shi, ya lura cewa kowace shimfiɗa da irin ƙurar da ta fi yawa a cikinta. A 1916 Lennart von Post na Suwidin ya nuna yadda ƙirga bununi hawa-hawa a cikin taɓo ke bayyana tarihin daji. A shekarun 1930 Arthur Raistrick ya ɗauki dabarar zuwa ramukan kwal na arewacin Ingila, inda matsalar ta kuɗi ce tsagwaronta: idan shimfiɗar kwal ta yanke a wani wuri saboda tsagewar ƙasa, aka sake cin karo da wata a gaba, ita ce ko wata ce? Amsar ita ke nuna ko a nutsa ƙasa ko a hau sama, kuma kuskure asarar watanni ne. Raistrick bai ma damu da sanin tsirran da suka haifi ƙurar ba, haruffa da lambobi ya ba su, ya kwatanta yawansu daga rami zuwa rami. Sai a 1944 Hyde da Williams suka raɗa wa fannin sunan da Hausa za ta rubuta falinoloji, daga wata kalmar Girka mai nufin barbaɗawa.

Ɗalibin Hausa ya fi kowa saurin fahimtar yadda ake hukuncin, domin shi ma irinsa yake yi da tsofaffin takardu. A ce an sami rubutun ajami a wani gida a zangon Salaga, babu suna babu shekara, ana kuma zaton daga hannun almajiran Alhaji Umaru ya fito, malamin nan ɗan Kano da ya zauna a garin a zamanin yaƙin basasar 1892, ya koma Kete-Krachi inda ya rasu a 1934. Mai nazari zai ɗaga takardar ya duba ta a haske. In ya ga tambarin jinjirin wata uku, ya san daga masana'antun arewacin Italiya ta fito, kuma rubutun ba zai girmi takardar ba. Sa'an nan ya bi kalmomi. In ya ga sule ko soja ko jirgin ƙasa, ya san bayan zuwan Turawa aka rubuta, komai tsufan da takardar ta nuna. Kalma ɗaya ta aro ta isa ta kafa iyakar da rubutun ba zai wuce ta baya ba. Haka ƙura take. Kowane iri yana da lokacin da ya fara bayyana a duniya da lokacin da ya ɓace, kuma an jera waɗannan lokuta bisa ƙa'idar da ta fi kowace sauƙi, wato shimfiɗar ƙasa ta girmi ta samanta. Idan aka sami iri biyar a guntu ɗaya, shekarunsa suna cikin tazarar da su biyar ɗin suka rayu tare.

Misalin yana tafiya har cikin tarkonsa. Tsohuwar kalma a cikin rubutu ba ta tabbatar da tsufansa, domin malami na iya kwafo ta daga littafin kakansa. Haka ruwa kan zaizaye tsohon dutse ya kwaso ƙurarsa ya zuba cikin sabuwar laka, mai gaggawa ya gani ya ƙara wa lakar shekara miliyan 100 da ba nata ba. Shi ya sa sabon iri ya fi tsoho ƙarfin shaida. Amma shi ma sabon yana da nasa haɗari, kamar gyaran da wani jika ya yi a gefen takarda da tawadarsa: a rijiyar bincike ɓurɓushin sama kan zubo ƙasa, kuma bununin masarar da ke bayan ɗakin gwaji kan shigo ta taga. Ƙwararre yakan gane baƙon da launinsa, domin tsohuwar ƙura ta dafu, sabuwa kuwa ɗanya ce shar.

Ya kamata a faɗi iyakar abin a fili, domin masu sha'awar fannin sukan wuce gona da iri. Ƙura jeri take bayarwa, wane ya riga wane, kamar jerin sunayen sarakuna da ba a rubuta shekarun hijira a gefensa ba. Lambobin miliyoyin nan daga wani wuri suke zuwa, galibi daga tokar aman wuta da ta faɗa tsakanin shimfiɗu, wadda ake iya auna shekarunta kai tsaye, sa'an nan a ɗaura jerin ƙurar a jikinta. Gwajin kabon-14 da jama'a suka fi ji ba ya wuce kimanin shekara 50,000, saboda haka ba shi da abin cewa game da kwal.

A ƙasashen da ake jin Hausa akwai kwal iri biyu da suka dace da darasin kamar an shirya. Na farko shi ne na Anu Araren, kusa da Cirozerin a jihar Agadas, wanda kamfanin SONICHAR da aka kafa a 1975 ke haƙa domin ba mahaƙun yuraniyam na Arlit da garin Agadas lantarki. Na zamanin da masana ke kira Kabonifera ne, ya haura shekara miliyan 300. Na biyu shi ne na Maiganga a ƙaramar hukumar Akko ta jihar Gombe, wanda ake kai wa masana'antar siminti ta Ashaka. Shi da na Inugu 'yan zamani ɗaya ne, ƙarshen Kiretashiyas, tsakanin shekara miliyan 72 da 66, daf da ɓacewar manyan dabbobin nan da ake kira dainoso. A ɗora guntu biyu a faifai, ɗan kasuwa zai ce kaya ɗaya ne, sai dai wani ya fi wani nauyi. A ƙarƙashin madubi kuwa ba a haɗa su. Na Anu Araren ba zai taɓa nuna bununin fure ko ɗaya ba, domin fure bai bayyana ba sai wajen shekara miliyan 130 da suka wuce. Na Gombe da Inugu kuwa cike suke da na dangin giginya.

Wannan na biyu ya fi daɗin bibiya. A 1964 aka buga binciken van Hoeken-Klinkenberg a kan duwatsun ƙarshen Kiretashiyas na Nijeriya, inda aka raɗa wa wani bununi mai doguwar tsaga suna Longapertites. Kamfanonin neman mai sun ƙara da nasu, domin su ne suka fi kowa zuba kuɗi a fannin. Daga cikin irin da ake yawan samu akwai Spinizonocolpites, mai ƙayoyi a jiki, wanda ya yi kama ƙwarai da bununin wata gajeriyar kwakwa da ake kira nifa, wadda ba ta fita sai inda ruwan kogi ke gauraya da na teku. Ganin ta a dutse yana nufin gishiri na kusa. Wannan ya dace da abin da ƙasusuwa suka nuna a wani ɓangare: a wancan zamani teku ta ratso Sahara ta malale ƙasar Sakkwato, ta bar ƙashin wata dabbar ruwa da aka sa wa sunan Goronyo, wato Goronyosaurus, daga baya kuma ta bar farar ƙasar Kalambaina da ake siminti da ita. Kwal ɗin Nijeriya dausayin bakin teku ne. Abin dariya shi ne nifa ta ɓace daga Afirka tun da daɗewa, ta saura a kudu maso gabashin Asiya, har sai da Turawa suka dawo da ita Kalaba a 1906. Yanzu ta cinye bakin ruwa a can tana korar itatuwan gida, ana kiranta baƙuwa mai mamaya a ƙasar da kakanninta suka riga kowa zama.

Bayan shekaru, ƙura tana faɗin halin wurin. A 1962 A. H. V. Smith ya bi shimfiɗun kwal na Yokshaya daga ƙasa zuwa sama, taki-taki, ya ga ba iri ɗaya ba ne ke mulki tun daga farko har ƙarshe. A ƙasa Lycospora ce ta fi yawa, ƙurar wasu dogayen itatuwa masu tsayin mita 30 ko fiye da ke tsayawa cikin ruwa. A sama sai Densosporites ta karɓe, kwal ɗin ma ya sake kama, ya dushe. Ya fassara wannan da cewa taɓon ya yi ta tashi har ya fi ƙarfin ambaliya, tsirran farko suka kasa, wasu suka gaje su. A Amurka kuma Tom Phillips da abokan aikinsa sun nuna cewa wajen shekara miliyan 307 da suka wuce Lycospora ta kusan ɓacewa daga kwal ɗin can gaba ɗaya cikin ɗan lokaci, alamar cewa yanayi ya bushe, dajin ya rushe, wani ya tsaya a gurbinsa. Launin ƙurar ma magana ne. Tana fara wa da ruwan ɗorawa, zafi ya mai da ita ruwan ƙasa, daga nan baƙa. Masu neman mai suna duba wannan su san ko dutse bai nuna ba, ko ya nuna, ko ya ƙone.

Sai dai shaidar ba mai adalci ba ce, kuma duk wanda ya san dajin arewacin Gana zai ga dalili. Ciyawa irin su gamba iska ke ɗaukar musu bununi, don haka suke zubar da shi ba lissafi. Kuka da ɗorawa jemagu ke yi musu aikin da dare, kaɗanya kuma ƙudan zuma, saboda haka kaɗan suke fitarwa, kuma ba ya nisa. In da za a binne karkarar Bawku yau a tono ta bayan shekara miliyan, mai ƙirga zai ga ciyawa da gero da dawa sun cika gilashi, itatuwan da mata ke samun kalwa da man kaɗe daga gare su kuwa da ƙyar zai gan su. Ko geron ma zai sha wuyar raba shi da ciyawar daji, domin danginsu ɗaya, raminsu ɗaya. Mai yawan magana ne ke cika littafin tarihi, a daji kamar yadda yake a fada. Mai bincike na kirki yakan tuna da wannan kafin ya zana hoton tsohon daji daga lambobinsa.

Duk da wannan rauni, dabarar ta faɗi wani abu game da Salaga, ta wata hanya da ba a zata ba. Arzikin garin a ƙarni na 19 goro ne, wanda ake kawowa daga kurmin Asante, fataken Hausa su saya su ɗora wa jakuna zuwa Kano da Sakkwato da Barno. A tsakiyar wannan kurmi akwai tafkin Bosumtwi, kusa da Kumasi, ramin da wani dutse daga sama ya fasa kimanin shekara miliyan 1 da suka wuce. Jean Maley na Faransa ya ƙirga bununin da ke cikin lakar ƙasansa, ya tarar cewa a ƙarshen zamanin ƙanƙara ciyawa ce ta mamaye wurin, kurmin bai dawo da ƙarfinsa ba sai wajen shekara 10,000 da suka wuce. Wato dajin da fataken Gwanja suka ɗauka tun fil azal yake, jiya-jiya ya tsaya, in an auna shi da ma'aunin kwal.

Ba duk Gana ce ta girmi tsiro ba. A gaɓar teku wajen Sekondi da Takoradi akwai baƙin dutsen laka da masana na Jami'ar Gana, irin su David Atta-Peters, suka fitar da ƙurar tsiro daga cikinsa, suka sanya shi a ƙarshen zamanin Debon da farkon Kabonifera. Lokacin ya dace, amma wurin bai tara dausayin da zai ba da kwal na haƙa ba. A kwarin Volta kuwa, masana daga Tarayyar Sobiyet sun haƙa rijiyoyin bincike masu zurfi a shekarun 1960, kamfanin Shell ya ƙara tasa a shekarun 1970, kuma abin da ake fata a can har yau mai ne ko gas, waɗanda ƙananan halittun teku kan iya haifarwa tun kafin a yi itace. Idan wata rana mai haƙa rijiya a wajen Yendi ya fito da baƙin dutse, labari ya bazu a zango cewa an sami kwal, masu kuɗi suka fara tambayar farashin fili, gwajin da zai raba gardama ba ya bukatar fiye da guntu kamar ƙwallon goro da 'yan kwanaki a ɗakin bincike. In an ga sawun kaza a gilashi, dutsen ya zo bayan tsiro, sai a sake duba taswirar yankin. In ba a ga komai ba sai 'yan ƙwayoyin ruwa marasa tsaga, baƙar laka ce ta tsohuwar teku, ba kuma za ta dafa tukunya ba.